Ba aljanin ne ke ba ni tsoro ba, saurayin ne

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wata guda ke nan maganar tana ci mini rai.

'Yar yayana ce ta zo mini hutu, yarinya 'yar shekara 15, ajin farko na babbar sakandare. A dare na uku na farka wajen ƙarfe biyu, sai na hangi haske yana fitowa ta ƙarƙashin bargonta. Gabana ya faɗi, don na zaci da wani take hira. Na yaye bargon na ce ta miƙo wayar. Ashe karatu take yi, har da hawaye a kumatu. Ta ce, "Goggo, don Allah kada ki faɗa wa Abba, littafi ne kawai." Na ce ba zan faɗa ba, amma ni ma sai na karanta. Ta turo mini shafi sama da 80, irin wanda ake saki kullum a zauren WhatsApp, in shafukan kyauta sun ƙare a tura kuɗi a koma zauren masu biya. Kwana huɗu na yi a kansa.

Labarin wata yarinya ce 'yar makarantar kwana. Tun tana ƙarama take mafarkin wani mutum mai fararen kaya, kuma takan ga abu kafin ya faru. A gida an mai da ita maƙaryaciya, kishiyar uwarta ma mayya take ce mata. Ana nan sai wani kyakkyawan saurayi ya ɓullo, daga baya ta gane ɗan sarkin aljanu ne, shekarunsa 700, ga yaƙi ya ɓarke tsakanin aljanu musulmi da ifritai, kuma jininta ne kaɗai zai raba gardama.

Zan faɗi gaskiya, marubuciyar ta iya. Ta san inda za ta yanke shafi ta bar mai karatu da ƙishirwa. Kuma tun ban yi nisa ba na gane abin da ke riƙe yaran nan har asuba. Ku dubi rayuwar yarinya 'yar 15 a gidajenmu. Ita ce ɗauko wancan, ajiye wannan, goya ƙaninki, yi shiru manya na magana. In ta ce ta ga wani abu, a ce ƙarya take. In ta ce ranta babu daɗi, a ce me aka yi mata, ba ta ci ta ƙoshi ba? Sai ga littafi ya zo ya ce mata: ke ɗin nan da ba a saurare, ke ce kike ganin abin da manya ba sa gani, kuma ranar da ƙasa za ta rikice wurinki za a zo. Wace yarinya ce za ta ajiye irin wannan littafi ta yi barci? Wannan ɓangaren ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Har na ji daɗi da na ga jarumar da ke da amfanin da ya wuce kyan fuska da iya girki.

Masu cewa shigo da aljanu cikin labari baƙon abu ne da intanet ta kawo mana, ban yarda da su ba. Da dodo da aljani muka yi wayo a bakin kakanninmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da aka shirya a Zariya, ai har ƙasar aljanu jarumin ya kai kafin ya samo ruwan, kuma a aji aka karantar da mu shi. Masu bori kuwa suna da birnin iskokinsu, Jangare, da sarakuna da fadawa, har da Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da kyauta da son mata. Hausawa sun san kyakkyawan aljani tun kafin a ƙera wayar hannu.

Abin da ya zo daga waje shi ne wani salo na musamman, kuma za a iya bin sawunsa. A 2005 wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight, labarin yarinya 'yar shekara 17 da ta kamu da son wani mai shan jinin mutane wanda ya haura shekara 100 amma yana yawo da fuskar ɗan sakandare. Aka yi fim ɗinsa a 2008, duniya ta ɗauka. Daga nan kasuwar littattafan matasa a Turai da Amurka ta cika da masu farautar shaiɗanu, da mala'ikun da aka koro, da 'yan mata masu gane-gane. Manhajar Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, ta ba kowace yarinya mai waya damar rubuta nata ta saki, kuma 'yan matanmu suna ciki, suna karantawa, suna rubutawa da Hausa. Da salon ya iso hannunsu sai suka cire mai shan jini suka sa aljani, suka cire dajin Amurka suka sa tsamiyar bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan ma ba aibu ba ne, haka adabi yake tafiya daga hannu zuwa hannu.

To amma akwai abin da aka ɗauko tare da kayan ba a kakkaɓe ba, kuma shi ne ya hana ni barci.

A littafin Ba'amurkiyar nan, saurayin yana shiga ɗakin yarinyar da dare yana kallon ta tana barci, ba da saninta ba. A littafi na uku na jerin labarin har motarta ya lalata don kada ta je wurin wani abokinta. Aka ce wai tsananin so ne. A wanda 'yar yayana take karantawa abin ya fi haka. Ɗan sarkin aljanun yana jin duk abin da take faɗa ko tana ina. Wani ɗan ajinsu ya ara mata littafi, washegari hannunsa ya shanye. Ƙawarta ta ba ta shawara ta faɗa wa mahaifiyarta, sai ƙawar ta kwanta ciwo. Ya hana ta dariya a gaban maza. Ran da ta yi masa gardama ya shaƙe ta har ta suma, da ta farfaɗo ta same shi yana kuka yana cewa kishinta ne ya sa, ba zai iya rayuwa babu ita ba. Sai ta ba shi haƙuri. Ita ce ta ba shi haƙuri!

Na leƙa abin da masu karatu ke rubutawa a ƙarƙashin wannan shafin. "Wayyo, Allah ya ba mu mai son mu haka." "Anti, a ƙara mana, wallahi ya burge ni." Yara ne fa, sa'o'in 'yata.

Ku cire masa rawanin sarautar aljanu, ku cire shekara 700, ku sa masa shadda da mukullin mota. Wa kuka gani? Ni dai na san shi. Na gan shi a gidan wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda mijinta yake bincike wayarta kowane dare, ya raba ta da mu ɗaya bayan ɗaya, ya mare ta sannan ya sayo mata atamfa. Shekara tara ta yi tana ce mana kishi ne, ai mai son ka shi ke kishin ka. Bambancin kawai, a littafi an ba shi uzurin da ba a iya musawa: aljani ne, haka halittarsa take, ba laifinsa ba ne. Yarinya ta karanta wannan shafi 80, littafi bayan littafi, a shekarun da zuciyarta ke koyon mene ne so. Ranar da ɗan Adam mai irin wannan hali ya tsaya a ƙofar gidansu, ba za ta ga haɗari ba, za ta ga jarumin da ta daɗe tana jira.

Abin da ya fi ba ni takaici, muna da namu labarin a kan wannan saurayin, kuma ya fi wannan hankali. Wa ya manta tatsuniyar yarinyar da ta ce ba za ta auri kowa ba sai marar tabo? Samarin gari suka zo, kowa aka duba aka sami tabo, ta ƙi. Sai ga baƙo santalele, jiki sumul, ta ce shi take so. Aka ɗaura aure, suka kama hanya, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma abin da yake. Tsofaffinmu ba su ɓoye kyansa ba, ba su ce yarinyar ba ta ji daɗin ganin sa ba. Amma a bakinsu labarin na kuɓuta ne: yadda ta gane, yadda ta gudo, da wanda ya taimake ta, sau da yawa ƙaramin ƙaninta da ta raina. A littattafan yanzu an juya tatsuniyar. Dodon ya rikiɗe a gabanta, ta ga haƙoransa, sai ta zauna don wai ita ce za ta gyara shi.

Akwai kuma abin da marubutanmu ya kamata su riƙa tunawa. Yarinyar Amurka da ke karanta labarin mai shan jini ta san babu shi. Mu kuwa aljani gaskiya ne a wurinmu, sura guda ce a Alƙur'ani, ta 72, kuma an gaya mana daga harshen wuta aka halicce shi. Don haka alƙalamin da ya taɓa shi ba wasa yake yi da iska ba. An ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik game da aure tsakanin mutum da aljani, ya nuna ƙinsa, saboda gudun kada mace ta zo da ciki a tambaye ta ta ce na aljani ne, ɓarna ta yaɗu. Dubi inda hankalinsa ya tafi: ba kan aljanin ba, kan mutanen da za su fake da shi.

Batun gane-gane ma haka ne. Hadisi ya raba mafarki uku: na gari daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ke yi saboda abin da ya kwana da shi a rai. Yarinyar da ta kai ƙarfe uku tana karanta mai fararen kaya, in ta yi mafarkinsa, ba sai an nemi mai fassara ba. Dannau ma ya fi samun wanda ba ya samun isasshen barci. Waɗanda suka yi makarantar 'yan mata a Kano a tsakiyar shekarun 1990 ba su manta da Sumbuka ba, iskar da aka ce tana kama ɗalibai, yadda ɗaya za ta faɗi sai aji ya ɗauka. Sannan akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum, sai dai ya ji wani baƙon wari ko ya ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci. Ciwon ƙwaƙwalwa mai sa jin muryoyi kuma yawanci a ƙarshen shekarun samartaka yake fara nuna kansa. In duk littafin da yarinya ta karanta ya ce mata jin murya alamar zaɓaɓɓiya ce, kuma sirri ne da ba a faɗa wa uwa, to ranar da ta fara ji da gaske ɓoyewa za ta yi. Alhali ga addu'a da ruƙiyya, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa da wuri yana da amfani ƙwarai.

Na san wasu za su ce a hana kawai. An gwada. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, a lokacin littafi takarda ne da ake ɓoyewa a cikin hijabi. Yau yana cikin waya, ana tura shi cikin daƙiƙa guda, babu ashanar da za ta kai gare shi. Kuma ni ba na son a hana. Yarinyar nan da malamanta ke kukan ba ta son karatu, ta cinye shafi 80 na Hausa cikin kwana biyu. Wannan ƙishirwar arziki ce, ba na son a kashe ta.

Roƙona ga marubuta ne, musamman mata 'yan'uwana, don ku ne kuka fi yawa a wannan fage kuma ku yaran suke kira Anti. Ku rubuta aljanunku, ku gina biranensu, ku ba yarinyar baiwarta ta ga abin da sarakuna ba su gani ba. Amma in jaruminku ya shaƙe ta, ku bar labarin ya san cewa shaƙa ce. Ku bar mata ƙawa ɗaya da ba za ta kwanta ciwo don ta faɗi gaskiya ba. Ku bar mata uwa ko goggo ko malama da za ta iya zuwa wurinta. Ba wa'azi nake nema a ƙarshen shafi ba, yaran tsallake shi suke yi. A cikin ƙashin labarin nake so a ga bambancin mai tsare ki da mai tsare miki hanya.

Da na gama karantawa na kira ta ɗaki, muka zauna a bakin gado. Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta faɗa mini wurin da ya fi burge ta, ta ce inda yarinyar ta hango gobarar ɗakin kwana ta fitar da ɗalibai kafin wuta ta tashi. Na ce ni ma nan ne. Sai na buɗe shafin shaƙar na ce ta karanta mini da ƙarfi, amma duk inda sunan aljanin ya fito ta sa sunan wani saurayi da ke zuwa wurin yayarta. Ta fara, ta yi layi uku, ta tsaya. Ta ce, "Goggo, ai in shi ne, sai Abba ya sa an kama shi." Na ce to me ya sa wancan bai cancanci kamu ba? Ta yi shiru, tana murza bakin zaninta.

Ban ƙwace wayar ba, sai dai mun yi yarjejeniya daga ƙarfe goma wayar ta kwana a ɗakina. Kafin hutun ya ƙare na ba ta tatsuniyar marar tabo, wadda ta ce ba ta taɓa ji ba, abin da ya sa na ji nauyin kaina da na iyayenta. Shekaranjiya ta turo mini saƙo daga gida, ta ce ta fara rubuta nata a bayan littafin lissafi, shafi shida. Jarumar tana gane-gane, akwai ɗan sarkin aljanu, akwai kuma ƙaramin ƙani da ya lura baƙon ba shi da inuwa. Ta ce in karanta in faɗa mata ko ƙanin ya yi saurin ganewa.