Rajistar tallafin abinci: wanda ba shi da yatsu da me zai dangwala?

Duk sanda aka ce an kawo shinkafa ko masara za a raba a Gusau, maganar farko da za ka ji ita ce a je a yi rajista. To a ina? A wata firamare ko sakatariya, layi tun bayan asuba, rana na dukan mutane har azahar, majiya ƙarfi na ture-ture. Da idona na ga wani bawan Allah a kan kekensa na guragu ya kai har bakin ƙofa matakala uku suka tare shi, sai da samari suka ciccibe shi da keken, yana shiga aka ce fom ya ƙare. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Kuma fa layin ba shi ne babbar matsalar ba. Yanzu komai sai an ce kawo NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), kawo BVN (lambar tantancewa ta banki), kawo lambar waya, alhali su kansu NIN da BVN ɗin da zanen yatsu ake yinsu, to dattijon da kuturta ta cinye wa yatsu ya zai yi, sau nawa zai biya kuɗin mota ya je ana cewa na'ura ba ta ɗauka ba ya dawo gobe? Makaho a miƙa masa takarda a ce ya cike, dole ya ba wani, wani lokacin wanda ya ba ɗin ya rubuta lambar wayarsa shi, alat ya shigo masa. Kurma kuwa sanarwar ma a rediyo aka yi ta, sai an gama rabo yake ganin mutane da buhu a ka.

Akwai doka fa. A watan Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Mu a Zamfara ya kamata mu fi kowa riƙe ta. Yaran da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a Anka da Bukkuyum a 2010 yanzu sun girma, ga waɗanda harsashin 'yan bindiga ya nakasa, sun baro Zurmi da Maru suna raɓe a kangaye, katin shaidar ma da yawa a gida suka baro shi ranar gudu.

Ni a ganina rajistar ce za ta bi su gida. Muna da Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su da masu unguwa a ba ma'aikata biyu babur su zaga. Na san za a ce ai nan ma za a yi cuwa-cuwa a cusa sunayen bogi. Haka ne, amma layin da ake yi yanzu ya hana? A karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, duk wanda ba a sani ba a cire. Wanda yatsunsa ba su hau na'ura ba kuma a ɗau hotonsa, shaidu biyu su tsaya masa, a ba shi buhunsa.