Sunan da ake yankewa a ƙasan hoto

Kwanan nan hotunan Gustave Doré, wani mai zane ɗan Faransa, sun cika mini Facebook: Ruwan Tsufana, hasumiyar Babila, Daniyel a ramin zakoki. Kowa na ta yaba hannun mutumin, ni ma ban ƙi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake datse ƙasan hoton kafin a ɗora, alhali a nan ne sunaye biyu suke. Ɗaya na Doré, ɗayan na wanda ya yi sassaƙar, irin su Pisan da Pannemaker.

Littafi Mai Tsarkin da hotunan nan suke ciki ya fito ne a 1866 a birnin Tours na Faransa, da hotuna 241. Doré yana zana hoton a kan katako, daga nan aiki ya koma hannun masassaƙi. Katakon mai tauri ne sosai, an yanko shi a gicciye, masassaƙin kuma ya bi shi da ɗan siririn ƙarfe mai tsini yana ƙwaƙule duk inda ake son ya fito fari. Abin da ya bari shi ne zai sha tawada idan aka zo buga hoton a takarda. Komai a juye yake yi kamar hatimi, har sunansa. Idan hannu ya zame, babu maganar gogewa, sai dai a cire wurin a dasa wani guntun katako.

Ku ƙara girman hoton Tsufana a wayarku ku duba. Damisar da ke kan dutse da ɗanta a baki, iyayen da ke tura 'ya'yansu sama ruwa na cin su, wannan tunanin Doré ne, na yarda. Amma duhun hadarin nan da ke sa tsikar jiki tashi fa? Babu launin toka ko ɗigo a cikinsa. Layuka ne kawai, baƙi da fari, wani ya fi wani kauri da abin da bai kai silin gashi ba. Wani ne ya duƙa kwana da kwanaki ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Albrecht Dürer, wani mai zane mutumin Jamus, ya san darajar suna. A hotonsa na Adamu da Hauwa'u na 1504, wanda ya sassaƙa da kansa a kan tagulla, ya rataye wani ɗan allo a reshen bishiya ya rubuta sunansa da shekarar a kai, ta yadda mai son cire sunan sai ya lalata hoton. Su Pisan ba su samu wannan gatan ba, nasu a can gefe yake.

Dillalan kayan tarihi ma sun yi nasu, suna ɓalle tsofaffin littattafan suna sayar da shafi ɗai-ɗai don ya fi kawo kuɗi. Amma ko su dai suna barin sunan Pisan a inda ya sassaƙa shi.