A bar ragamar a hannun ɗaliban

Na karanta labarin nan na 'yan sakandare da suka kafa ƙungiyar aikin sa kai suna koya wa ƙananan yara karatu bayan an tashi makaranta, kuma wallahi ya faranta min rai. Abin da ya fi burge ni, ba malami ne ya tsara musu ba, su suka zauna suka raba aikin.

'Yata tana irin wannan aikin. Akwai wani yaro ɗan aji uku da ke rikita b da d, sai ta yanka haruffan a kwali tana sa shi ya bi su da yatsa. Ranar da ya karanta layi guda bai tsaya ba, ta dawo gida baki har kunne. Yarinyar da sai an yi da gaske take tashi da safe, yanzu ita ke rubuta wanda zai zo Talata da wanda zai zo Alhamis.

Masu cewa a mayar da shi dole, na san ana yi. A jihar Maryland ta Amurka sai ɗalibi ya cika awa 75 kafin ya kammala sakandare, a lardin Ontario na Kanada awa 40. Ban raina tsarin ba, amma ina tsoron yaro ya koma ƙirga awanni da farautar sa hannu. Roƙona ga shugabannin makarantu, ku ba su aji guda da alli da malami ɗaya mai sa ido, ku bar musu shugabancin, ko da za su yi tuntuɓe a zangon farko.