Allurar kashe jijiya: ina ruwan kitsen?

Duk inda ma'aikatan tiyata suka haɗu yanzu, a Garwa ko a Marwa a arewacin Kamaru, zancen ke nan: allurar kashe jijiya. Ɗan acaba ya karye a hannu, a tsira masa allura a hammata ko a gefen wuya, hannun ya mutu, a yi aiki yana farke. Ba sai an sa shi barci ba, ga sauƙin kuɗi. Madalla. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake rububin taron bita da na'urar hoton cikin jiki (ultrasound) mai nuna inda jijiya take, amma ka tambayi ko akwai Intralipid, ruwan kitsen da ke karya gubar maganin allurar, a ɗakin tiyata, sai a fara kallon juna.

Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi zubawa, bupivacaine, idan ya kuskure ya shiga jijiyar jini guba ne. Majiyyaci zai ce leɓensa ya yi nauyi, bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, kunnensa na ƙara. Kafin a ankara ya fara jijjiga, zuciya ta rikice ko ta tsaya, kuma irin tsayawar da danna ƙirji kaɗai ba ya saurin dawo da ita. Tun 1979 wani likitan sa barci, George Albright, ya yi kashedi a kai. A 1998 wani likita, Guy Weinberg, ya nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan kitse yana rage wannan guba, a 2006 aka ba da rahoton ceto mutum da shi a Amurka. Fari ne kamar madara, mai kashi 20 cikin ɗari. Ana fara tura mililita 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato kusan 100 ga babba, sannan a ci gaba da ƙarin ruwa.

Masu riƙe da kuɗin asibiti sukan ce abin ba kasafai yake faruwa ba, ruwan zai lalace a kabad. To ya lalace ɗin! Wasu kuma sun dogara ga na'urar hoto, sai ka ce na'ura ta taɓa tashin zuciyar da ta tsaya. Rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi.

Kuma a nan arewa yawanci nas ne ke riƙe da wannan aiki, sau da yawa shi kaɗai da tsakar dare. In abin ya faru, shi za a ɗora wa laifi, dangi kuma a ce musu kwana ne ya ƙare. Wanda ya ƙi sa hannu a sayo ruwan yana gida yana barci.

Ya kamata ma'aikatar lafiya a Yawunde ta sa doka: ɗakin da babu ruwan kitse, da iskar oksijin, da maganin tsayar da jijjiga, kada a yi wannan allura a cikinsa.