Na je auna Abba, shi ya auna ni

Malamarmu ta sashen ilimin ƙananan yara ta ba mu aiki: kowacce ta samu yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, ta lura da yadda yake sarrafa jikinsa, ta rubuto abin da ta gani. Na ce ai tuwona maina, ga Abba ɗan yayata, shekararsa 4 da wata 2, ba ya zama sai barci ya sace shi.

Na haɗa kayana: alli, babbar ƙwallo, fensir, almakashin yara mara tsini, kwalba mai ƙaramin baki, da gyaɗa ƙwaya 20. Abin da ake sa ran ɗan shekara 4 ya iya a kaina yake: ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya cafe babbar ƙwallo galibin lokuta, ya kwaikwayi zanen layi biyu da suka gitta juna, ya riƙe fensir da yatsu maimakon dunƙule shi a tafin hannu.

Kuskurena na farko, na zauna gabansa da takarda da biro kamar alƙali. An sha gaya mana cewa yaro in ya gane ana gwada shi, ko ya noƙe ko ya hau wasan kwaikwayo. Abba ya zaɓi noƙewa. Na ce, "Abba, tsaya da ƙafa ɗaya." Ya ce, "Anti, ƙafata ta gaji."

Ƙa'ida ita ce ki fara gwada wa yaro ya gani. Na miƙe, na ɗaga ƙafar hagu, ina ƙirge da agogon waya. Ashe zanina ya matse, silifas ɗina kuma ya taka ruwan wanke-wanke. Daƙiƙa 3 na yi, sai ga ni zaune daɓas kusa da turmi. Yaya ta leƙo daga kicin ta ce, "Ke ɗan shekara nawa za a rubuta miki?"

Na karkaɗe zani na koma kan ƙananan gaɓɓai. Aikin shi ne ya tsinci gyaɗa da babban yatsa da manuniya, ya jefa a kwalba. Tsinta kam ba laifi, yatsu biyu cif, kuma hannun dama ya yi ta amfani da shi bai sauya ba. Sai dai 4 ne suka shiga kwalba, 16 suka bi ta baki. Da na sani da murafen lemo na kawo, da gwangwani.

Almakashi kuwa, na ja masa layi miƙaƙƙe a takarda, na juya neman alli. Kafin na waigo ya yanka tsaf, babban yatsa a sama, ɗaya hannun yana riƙe da takardar yadda ake so. Takardar da nake rubuta sakamako ce.

Da la'asar na haƙura, na zauna a zaure ina shafa man zafi a ƙugu. Sai ga yaran unguwa suna langa, Abba a tsakiyarsu, ya kama ƙafa ɗaya ta baya, yana ɗingishi da ɗayar. Tsalle 7 na ƙirga kafin ya dire, ya sauya ƙafa ya yi 4. Na lallaɓa na ciro biro, na rubuta a bayan rabin takardar da ta rage. Ya hango ni, ya saki ƙafar, ya ce, "Anti, ƙafata ta gaji."