Ruwan zartsi ya ishe mu haka nan

Wai me gashi ya tare wa ruwan zartsi ne? Ka zuba shamfu, ka murza, ka sake murzawa, kumfa ta ce ba ta san zancen ba! Kalsiyam da magnesiyam, ma'adinan da ke narke cikin ruwan, sun riga sun cafke sabulun, sun mai da shi farin datti mai danƙo da ke liƙe wa kowane sili, sai gashi ya bushe ƙamas kamar tsintsiya, ba sheƙi, mataji ya shiga ya fito da rabinsa, fatar kai na ƙaiƙayi har ka rantse amosani ne. Ka shafa mai, ya zauna a sama yana kallonka. Rini kuwa kafin ka ankara ya koɗe. A tafasa ruwan? Nau'in ma'adinan da ake kira bikabonet kawai tafasa ke saukarwa, nau'in salfet na nan daram. Matatar shawa mai gawayi? Kilorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, take kamawa, kalsiyam ya wuce abinsa. A ɗauraye da ruwan khal cokali 1 a kofin ruwa? Ka zarce kaɗan gashi ya ƙara bushewa, ka yini kana warin tsami. Ruwan da ma'adinan nan suka haura miligiram 180 a kowace litarsa, wanke kai ake yi da shi ko shafen siminti?