Tallafin mai ya tafi rana ɗaya, agajin Inna har yau shiru

Wallahi na gaji da jin "a ƙara haƙuri". Ni malamin firamare ne, ina da mata da yara biyar, ga mahaifiyata a hannuna. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, ko mako ba a yi ba litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 kuma aka sakar wa kasuwa naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zo ta haye 1,500. Babur ɗina na jingine shi a zaure, yanzu da ƙafa nake zuwa makaranta, in isa aji jiƙe da gumi.

Kowa ya san daga inda wannan shawara ta fito. Shekara da shekaru Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na IMF suna matsa wa Najeriya lamba: a cire tallafi, a bar naira ta nemi farashinta, a ƙara kuɗin wuta, a faɗaɗa haraji. Da aka yi, sai suka fito suna yabo, har Bankin Duniya ya amince da sabon rance na dala biliyan 2.25 a Yunin 2024. Mu ba yau muka fara shan wannan magani ba. A 1986 Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP bayan 'yan ƙasa sun ce ba sa son bashin IMF. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa yana ba mu labarin yadda albashinsa ya narke a hannunsa a shekarun nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne agajin da aka ce zai rage raɗaɗi. An ce za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata, har wata uku. Ku lissafa: 75,000 ke nan gaba ɗaya, kuɗin da a ƙarshen 2024 bai kai buhun shinkafa ɗaya ba. Kuma kuɗin shirin, dala miliyan 800, rance ne daga Bankin Duniyar nan dai. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya! An ƙwace abin da ke sauƙaƙa wa kowa, an ranto kuɗi da sunan talaka, sannan talakan ya bi layi yana roƙo.

Ni na kai Inna wurin rajista. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, tun bayan asuba muke tsaye, ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna a ƙasa, ta ƙulle takardar NIN ɗinta, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a leda kamar zinare. Aka ce sai an haɗa da asusun banki, muka je muka buɗe. Aka ce sunan bai yi daidai da na lambar banki ta BVN ba, muka biya kuɗin gyara. Kuɗin adaidaita sahu da na hoto da na kwafin takardu duk daga aljihuna suka fita. Muna cikin jira, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin tura naira miliyan 585 asusun wani mutum, shirin ma aka tsayar da shi. To wa zan kai wa kuka? Wanda ya rubuta sunanta ya ce min daga Abuja ne, na Abuja ban san ƙofarsu ba, balle na Washington inda hedikwatar Bankin Duniya take.

Duk da haka, a Oktoban 2024 babban masanin tattalin arzikin Bankin Duniya, Indermit Gill, ya zo Abuja ya ce sai an ɗore a kan wannan hanya shekara 10 zuwa 15. Shekara 15! Inna ta haura saba'in, maganin hawan jininta yanzu rabin ƙwaya take sha don ya kai ƙarshen wata. Jiya ma da na shiga gaishe ta, sai ta miƙo min wayarta ta ce, "Malam, duba min ko saƙon nan ya shigo." Na duba, babu komai.